Wa zan faɗa wa damuwata a Legas? Bambancin masu jinyar damuwa da hanyoyin da suke bi

Wata yarinya da muke unguwa ɗaya a Agege, wadda ta haihu wata huɗu da suka wuce, ta tare ni bayan mun tashi daga islamiyyar matan aure. Sai da ta bari mutane suka ragu sannan ta ce, "Anti, wai da gaske kin taɓa zuwa wurin masu duba ƙwaƙwalwa? Me suke yi wa mutum? Allura ce?" Na ce mata da gaske ne, na je shekarar da Innarmu ta rasu, kuma babu wanda ya yi mini allura. Kujera biyu ce a ɗaki, ƙofa a rufe, da mutum guda wanda aikinsa ke nan ya saurare ki, ya kuma san abin da zai yi da abin da ya ji. Ta yi shiru, can ta ce, "To ni wa zan je wa?"

Ban iya ba ta amsa a tsaye a bakin titi ba, domin tambayar tata uku ce a dunƙule: wane irin ma'aikaci, wace irin hanya, kuma wane irin mutum. Ni kaina sai a hannun mutum na biyu na dace.

A wajen ma'aikatan ake fara ruɗewa. Duk wanda ya shafi wannan fanni mukan ce masa likitan mahaukata, kuma wannan sunan kaɗai ya isa ya hana mutum taka ƙafarsa. Alhali su ba ɗaya ba ne. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, cikakken likita da ya gama karatun likitanci, ya ƙware a wannan ɓangare, yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, kuma shi ke rubuta magani. Ƙungiyarsu ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, saboda haka kada ka yi mamaki in ka ga lokacin da zai ba ka gajere ne. Shi ya kamata a fara gani idan mutum ya yi kwana da kwanaki ba barci, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya daina cin abinci, ko yana tunanin raba kansa da duniya, ko mai jego ta fara ruɗewa tana maganar da ba ta da kai. Sai masanin halayya na asibiti, wanda 'yan boko ke ce wa saikolojis. Shi ba ya rubuta magani. Yakan yi digiri na biyu a fannin, kuma jinya ta hanyar tattaunawa ita ce ainihin sana'arsa. Sai mai ba da shawara, wato kansela, irin waɗanda ake samu a makarantu da ƙungiyoyi da ofisoshin sasanta ma'aurata. A cikinsu akwai ƙwararru sosai, akwai kuma waɗanda horon da suka samu bai wuce na 'yan makonni ba, don haka dole a tambaya. Wanda kuwa ya buɗe shafi a Instagram ko TikTok ya sa wa kansa suna kocin rayuwa, wannan ba ya cikin lissafina sai ya nuna inda ya yi karatu.

Magani da magana ba kishiyoyi ba ne. Damuwar da ba ta yi tsanani ba sau da yawa tattaunawa kaɗai na isar ta. In ta yi nauyi, haɗa su biyun ya fi. Magungunan damuwa sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, kuma ba a yanke su farat ɗaya ba tare da sanin likita ba. Yana da kyau a fara duba jiki ma, domin ƙarancin jini da matsalar ƙwayar nan ta maƙogwaro mai kawo maƙoƙo suna iya sa kasala da faɗuwar gaba da za a ɗauka damuwa ce.

Hanyar da za ka fi cin karo da ita a Legas ita ce wadda ake taƙaitawa da CBT, wato jinyar tunani da ɗabi'a. Wani likita Ba'amurke, Aaron Beck, ya gina ta a Filadelfiya a shekarun 1960, bayan ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane masu faɗowa da sauri, suna gaskata su ba tare da sun tsaya sun auna ba. A ɗauki dillalin albasa a kasuwar Mile 12. Mota ta lalace a hanya, ta yi kwanaki, kaya suka iso a ruɓe. Asara ce ta gaske. Amma abin da ke kwantar da shi shi ne maganar da zuciyarsa ke maimaitawa: na gama yawo, ba zan ƙara tashi ba, kowa a kasuwa dariya yake mini. Daga nan ya daina fita, ya kashe waya don gudun masu bin sa bashi, ya kwanta a ɗaki, kwanciyar kuma ta ƙara tabbatar masa cewa lallai ya gama yawo. Mai CBT zai zauna da shi su warware wannan igiya zare-zare. Sau nawa kaya suka taɓa lalace maka a shekarun da ka yi a kasuwa? Me ka yi a lokacin? Wa ka ji da kunnenka yana maka dariya? Sannan ya ba shi aiki: ranar Talata ka je kasuwa ka yi awa ɗaya, ka kira mutum ɗaya cikin masu bin ka bashi, mako mai zuwa ka zo ka faɗa mini yadda aka yi. Yawanci zama ɗaya ake yi a mako, kuma akan kammala tsakanin zama 6 zuwa 20.

Ta fi ƙarfi a kan damuwa, fargaba, firgicin da ke zuwa haka kawai har mutum ya ɗauka zuciyarsa ce za ta tsaya, da kuma waswasi. A kan waswasi ina so in ɗan tsaya, domin na san mata da yawa da ke shan wuya a ɓoye. Mace ta yi alwala ta sake, ta sake, har lokacin salla ya fita, ko ta yi kabbarar harama sau goma. Abin da ake koya mata a wannan jinya shi ne ta yi alwala sau ɗaya, ta tashi, ta jure damuwar da za ta taso mata ba tare da ta koma ba, har damuwar ta sauka da kanta, ana farawa daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Duk wadda ta yi karatun fiƙihu za ta gane wannan, domin malaman Malikiyya sun daɗe da cewa wanda kokwanto ya aure shi ba ya bin kokwanton, watsi yake yi da shi. Kuma tun kafin Beck da shekara dubu, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya ba da shawarar mutum ya tanadi tunani masu kyau lokacin da yake cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. Don haka mai cewa wannan abin Turawa ne zalla bai bincika ba.

Inda CBT ke da rauni, tana son aikin gida da rubutu. Wanda bai yi boko ba ya faɗa tun farko, a bar shi ya rubuta da ajami ko ya riƙa naɗar muryarsa a waya. Rauni na biyu ya fi wannan muni, kuma daga mai yin ne: wanda bai ƙware ba zai iya sa ka ji kamar duk matsalar a kanka take. Matar da mijinta ke duka ba gyaran tunani take buƙata ba, mafita take buƙata. Wanda mai gida ya ba shi takardar tashi, fargabarsa tana da dalili. Ƙwararre yakan bambance tunanin da ya karkace da halin da yake na gaske.

Hanya ta biyu ita ce a ganina ta fi dacewa da rayuwar Bahaushen Legas, ko da yake masu horo a kanta ba su kai na CBT yawa ba. Ana ce mata IPT, jinyar mu'amala. Gerald Klerman da Myrna Weissman suka tsara ta a Amurka a shekarun 1970, kuma takan ɗauki mako 12 zuwa 16. Tambayarta ita ce: me ya faru tsakaninka da mutane lokacin da damuwar ta fara? Tana neman amsar a ƙofofi huɗu, wato rasuwa, saɓani da wani na kusa, sauyin rayuwa, da kaɗaici. Duba ka gani ko akwai ƙofar da ba mu sani ba. Amaryar da aka ɗauko daga gidan yawa a Katsina aka ajiye a ɗaki ɗaya a Idi-Araba, miji ya fita tun asuba, ba ta jin Yarbanci, ba ta da wanda za ta ce wa sannu. Ɗan acaɓan da sana'arsa ta tsaya tun da aka hana su aiki a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ga iyali a gida suna jiran aike. Uwargidan da aka yi wa kishiya a can Arewa ta ji a bakin mutane.

Ni ta ƙofar rasuwa na shiga. Inna ta cika da safe a Zariya, aka yi mata sutura kafin azahar kamar yadda addini ya tanada, ni kuwa ina kan hanya. Na isa na tarar da tabarmi da masu gaisuwa. Duk wanda ke zaune a Kurmi ya san wannan ciwon: ba ka ga fuskar naka ba, ba ka yi masa addu'a a kansa ba. Na yi wata shida ina aikina ina girkina, amma ko sunanta aka ambata sai in tashi daga wurin. A jinyar ba a ce mini in gyara tunanina ba. An sa na ba da labarin ranar tun daga kiran wayar, na faɗi abin da ke tsakanina da ita mai daɗi da marar daɗi, sannan aka tambaye ni wa ya rage mini da zan iya jingina da shi. A nan na gane na yanke zumunci da Yayata saboda ina jin haushin ba ta kira ni da wuri ba. Gyara wannan shi ne rabin warakata. An gwada wannan hanya rukuni-rukuni a ƙauyukan Yuganda, sakamakon ya fito a 2003 kuma ya nuna ta yi aiki, daga baya a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin yin ta a rukuni cikin zama 8. Amma ba ita ce ta waswasi ko tsoron wani abu takamaimai ba. Waɗannan na CBT ne.

Akwai kuma hanyar Carl Rogers, wadda ta fito a shekarun 1940 da 1950. A nan mai jinya, wato ma'aikacin da ke duba ka, ba ya jan ragama. Yana saurare, yana mayar maka da abin da ya fahimta, ba ya yanke maka hukunci, da yaƙinin cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga mai zurfin ciki, wanda tun yana yaro aka koya masa cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, samun awa guda da zai yi magana ba a katse shi da "yi haƙuri" ba magani ne babba. Sai dai mutanenmu sun saba in sun je wurin babba a faɗa musu abin yi, don haka wani zai fito yana cewa ya biya kuɗi an zauna ana gyaɗa masa kai. In kai mai son a ba ka abin yi ne, ka faɗa. Kuma ga firgici da waswasi, sauraro kaɗai ba ya wadatarwa.

Tsohuwar cikinsu ita ce mai tono baya, wadda ta samo asali daga Sigmund Freud na Biyana, ko da yake ta sauya ƙwarai daga yadda ya bar ta. Tana duba yadda abin da ya faru da kai a ƙuruciya ke maimaita kansa a girma ba ka sani ba. Mutumin da aka kai almajiranci yana ɗan shekara bakwai, yau ga shi da 'ya'ya amma ba ya iya sakewa da su. Matar da ta tashi a hannun riƙo, duk wanda ya nuna mata ƙauna sai ta fara jiran ranar da zai juya mata baya. In matsalarka irin wadda ke bin ka ce daga aure zuwa aure, daga uban gida zuwa uban gida, wannan hanya tana da abin ba ka. Tsadarta lokaci ne: watanni, wani lokaci shekaru, ko da yake akwai gajerun nau'o'inta. A garin da zuwa da dawowa kan cinye rabin yini a cunkoso, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma wani haɗari da ya shafe mu. Wanda bai san alkunya ba, in ya ji cewa mahaifiyarka ba ta taɓa kiran sunanka ba saboda kai ne ɗan fari, zai iya fassara shi da ƙiyayya, ya gina maka labarin da ba naka ba.

Wanda ya ga tashin hankali da idonsa, nasa daban ne. Direban da ya tsira daga gobarar tanka, wanda aka yi garkuwa da shi a hanya, waɗanda suka gudo daga Borno ko Zamfara, dattawan da har yau ba su manta rikicin Idi-Araba na watan Fabrairun 2002 ba. Alamarsa mafarkin abin, zabura da ƙaramin ƙara, gudun duk abin da ke tuna masa. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar hanyoyi biyu: CBT da aka keɓe wa irin wannan rauni, da EMDR, wadda Francine Shapiro ta faro a 1987. A EMDR mutum yana tuna abin a ransa yayin da idonsa ke bin yatsan mai jinya hagu da dama. Ba dole sai ya zayyana komai da bakinsa ba, kuma wannan sauƙi ne ga wanda kunya ta ɗaure wa harshe. Duka biyun sai mai horo na musamman. Kada ka bari wanda bai san aikin ba ya buɗe maka wannan miki ya sallame ka. Wadda aka yi wa fyaɗe kuwa, akwai cibiyar Mirabel a cikin asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas, wato LASUTH, da ke Ikeja, tana aiki tun 2013, ana duba lafiya a kuma ba da shawara kyauta.

Sauran zan ratsa su da sauri. DBT, ta Marsha Linehan, ta masu zuciyar da ke tashi kamar wutar kara ce, har su ji wa kansu ciwo, ana koya musu dabarun jure ɓacin rai. Ga matashin da ya faɗa shan tiramadol ko kodin, akwai salon tattaunawa da William Miller ya fara bayyanawa a 1983, wanda ba a yi wa mutum faɗa, ana jawo dalilin dainawa daga bakinsa ne. Iyaye sukan raina shi, amma faɗan da suka shekara suna yi bai hana ba. Akwai zaman ma'aurata da na iyali, sai dai in akwai duka a gidan ba a fara da zama tare, gara a nemi hukumar jihar Legas mai kula da cin zarafi a gida. In kuma wata ƙungiya ta ce za ta haɗa ka da wanda ba likita ba amma an horar da shi, kada ka raina. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, kuma bincike ya tabbatar da amfanin abin.

Duk wannan bayani, da za a ce in zaɓi abu ɗaya, mutumin zan zaɓa kafin hanyar. Binciken shekaru da dama ya nuna cewa ƙarfin alaƙa tsakanin mai jinya da wanda ake jinya yana cikin abubuwan da suka fi nuna ko za a dace, ko wace hanya aka bi. Edward Bordin ya fayyace ta a 1979 da abu uku: kun yarda a kan inda za ku, kun yarda a kan yadda za ku je, kuma akwai aminci a tsakaninku. Mai jinya ta farko da na gani tana da takardu, ofishinta tsaf. Amma da na ce mata ina tashi cikin dare in yi salla in roƙa wa Inna gafara, sai ta ce ina fakewa da addini ne don gudun baƙin cikina. Zama biyu na yi ban koma ba. Ta biyun Bayarabiya ce, ba ma Musulma ba, amma da na ambaci zaman makoki da sadakar uku sai ta ajiye biro ta ce in koya mata yadda muke yi. Daga ranar na san na samu wurin zama. Akwai kuma kishiyar ta farko, wanda zai mai da zaman wa'azi, duk abin da ka faɗa ya ce ƙarancin tawakkali ne. Wa'azi yana da wurinsa da malamansa, ba shi ka zo nema a nan ba.

Wannan ya kawo mu ga harshe, wanda shi ne babban cikas ga namu a Legas. Zaɓi uku ne. Na farko, ka ga wanda ke nan ido da ido, ku yi da Turanci ko burokin. Ribarsa yana ganin fuskarka, in abu ya rikice yana kusa, kuma da wuya ya san danginka. Hasararsa, akwai maganar da ba ta fita sai da harshen da aka yi maka rarrashi da shi. Ta yaya za ka fassara "raina ya ɓaci" ko "na ji nauyinsa" su isa yadda suke? Na biyu, ka nemi mai jin Hausa ta waya ko bidiyo. Akwai ƙwararru a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, da asibitin koyarwa na Aminu Kano, kuma wasu masu wannan sana'a suna ganin mutane ta waya. Ba kuɗin mota, ba cunkoso, ba mai ganin shigarka. Amma sai kana da wurin da za ka keɓe, abin da ke da wuya ga mai zaune a gidan haya mai ɗaki a jere, kuma bai dace da wanda ciwonsa ya yi tsanani ba. Na uku, tafinta. In dole ta sa, to kada ya zama mijinki ko ɗanki ko maƙwabciya, domin rabin maganar za ki haɗiye. A tambayi asibitin ko akwai ma'aikaci mai jin Hausa. Ni shawarata, wanda Turancinsa ko burokinsa ya isa ya yi ciniki ya kuma yi faɗa da shi, ya gwada na farko. Wanda bai kai nan ba, na biyu ya fi masa, tare da likita a nan kusa in ana shan magani.

Wajen wuri, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba shi ne babba, yana nan tun 1907. Sunan da 'yan gari suka laƙaba masa ya sa ana tsoron a gan ka a ƙofarsa, alhali yawancin masu zuwa ganin likita suke yi su koma gida a ranar. Daga Agege yanzu jirgin ƙasa na jan layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024, yana tsayawa a Yaba. Asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja duk suna da sashen ƙwaƙwalwa, kuma wanda ya shiga can ba mai sanin wane sashe ya nufa. Na gwamnati sun fi sauƙin kuɗi, sai dai a yi sammako a yi haƙurin layi, kuma ka buɗe baki ka ce kana son a haɗa ka da masanin halayya, kada ka tsaya a karɓar magani kawai. Masu zaman kansu a Ikeja da Lekki da Ikoyi suna ba da lokaci tsayayye da mutum ɗaya da za ka riƙa gani, amma da tsada, don haka ka tambayi kuɗin zama da yawan zaman kafin ka fara, kada ka yanke a tsakiya. Ƙungiyoyi irin su MANI da She Writes Woman, wadda Hauwa Ojeifo ta kafa, suna taimakawa wajen sauraro da nuna inda za a je.

Game da ruƙiyya da addu'a, ba sai ka bar ɗaya don ɗaya ba. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarinsa a Aro ta Abekuta, inda marasa lafiya ke zaune a ƙauye tare da danginsu, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Abin gudu shi ne duk wanda zai ce a jefar da maganin asibiti, ko ya sa mari, ko ya yi duka da sunan fitar da aljani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta amince cewa mai wannan lalura yana da haƙƙin a mutunta shi, a riƙe sirrinsa, a kuma sa shi cikin shawarar jinyarsa.

Zaman farko, wanda yakan ɗauki minti 45 zuwa awa guda, kai ma gwaji kake yi. Ka tambaye shi me ya karanta kuma a ina, ko ya taɓa jinyar mai irin matsalarka, wace hanya zai bi da kai kuma me ya sa, zama nawa yake hasashe, da kuma wa zai iya jin abin da ka faɗa. Amsar gaskiya ga ta ƙarshen ita ce babu kowa, sai in rayuwarka ko ta wani na cikin haɗari. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ka amsa. Mace tana da damar cewa mace take so. Ka guji mai alkawarin warkar da kai cikin zama uku, da mai ba ka labarin wasu da sunayensu, da mai neman ku haɗu a wurin da ba na aiki ba, da mai kai hannu jikinki, da mai neman rance. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ka ba shi zama uku ko huɗu kafin ka yanke hukunci, domin farkon yakan yi nauyi, wani lokaci ka fito ka fi yadda ka shiga jin ciwo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ba dole ka zube komai a rana ɗaya ba. Bayan nan ka tambayi kanka ko kana jin an fahimce ka, ko ka san inda aka dosa. In a'a ne, ka faɗa masa. In bai gyaru ba, ka nemi wani, ba butulci ba ne.

Wanda kuwa ya kai ga tunanin kashe kansa, ko kuka ga alamar haka a wani naku, ba a jiran ranar ganin likita. A kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da fiya-fiya daga inda yake. Lambobin gaggawa na Legas su ne 112 da 767.

Ita maƙwabciyar tawa, da muka zauna a ɗakina ta faɗa mini cewa tun bayan suna ba ta barci ko jaririn ya yi, tana kuka ba dalili, kuma tana jin ita ba uwar kirki ba ce. Mahaifiyarta ta zo wankan jego ta koma Funtuwa bayan arba'in, daga nan abin ya tsananta. Na ce mata wannan sananniyar lalura ce ta bayan haihuwa kuma ana warkewa, mu fara da likita a duba jininta, sannan mu nemi mai CBT ko IPT, duk wanda aka samu mace. Ta ce, "Anti, Baban Walid fa? Me zan ce masa?" Na ce ta faɗa masa gaskiya, cewa ba ta barci kuma tana son ganin likita, in ya so maigidana Baban su Hafsa zai yi masa magana bayan sallar isha. Ya amince. Ranar Litinin muka yi sammako, ta shiga, ni kuma na zauna a benci da yaron a cinyata. Da ta fito idonta ya yi ja, ta karɓi ɗanta ta goya, ta ce an ce ta dawo Talata ta sama da ƙarfe goma.